FILIN WASANNI: Yadda Faifan Naushi Ya Shiga Damben Boksin

Duk wanda ya leƙa gidan horon 'yan damben boksin a yau, da wuya ya fita bai ga mai horarwa sanye da wasu fatu biyu a tafukan hannunsa ba, masu faɗin ƙaramin faifai, an cusa musu soso a ciki, yaronsa yana ta kai musu naushi kamar ruwan sama. Saboda yawan ganinsa, wasu sun ɗauka tare da boksin aka haifi wannan faifai. To, ba haka ba ne. A cikin kayan horo shi ne ɗan auta.

Buhun naushi ya girme shi da shekaru fiye da dubu biyu, domin 'yan damben Girka na zamanin dā suna rataye salka cike da yashi ko gari su yi ta dukanta. Safar hannu kuwa Jack Broughton na Landan, wanda ya tsara dokokin dambe a 1743, shi ya shigo da ita makarantarsa don kada 'ya'yan manya su koma gida da karyayyen hanci. Daga nan har tsakiyar ƙarni na 20, horon zakara bai wuce gudun asuba, da tsallen igiya, da dukan buhu, da naushin iska ba, sa'an nan uwa uba gwajin dambe da abokin horo. Mai horarwa yakan tsaya a gefen fage ne yana kallo, gyara da baki yake yi, in ta kama ya ɗaga tafin hannunsa ya nuna inda ake so naushi ya sauka.

Da irin wannan horo Joe Louis ya riƙe kambun duniya daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Muhammad Ali ma abin da ya fi dogara a kai shi ne abokan gwaji, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa wannan aiki lokacin shirin karonsa da George Foreman a Kinshasa a 1974, wato Larry Holmes, shi kansa ya zama zakaran duniya a 1978. Ashe shan naushin gwani ma makaranta ce.

Wanda ya kawo sabon tunani shi ne Cus D'Amato. Sa'ad da yaronsa José Torres yake shirin karawa da Willie Pastrano a 1965, sai ya sa aka ɗaure katifu a jikin katako, aka zana siffar mutum, kowane gurbi da lambarsa. A kira lambobi, Torres ya kai naushi nan take ba tare da tsayawa tunani ba. Ya kuwa ci Pastrano ya karɓe kambun, kafin Dick Tiger na Nijeriya ya ƙwace shi daga hannunsa a watan Disamba na 1966. Wannan dabara ta lambobi ita aka koya wa Mike Tyson, wanda ya zama zakaran duniya a 1986 yana da shekara 20. Amma katifa ba ta motsi, ba ta ja da baya, ba ta kawo hari. Faifan hannu shi ya toshe wannan giɓi, domin ya mayar da mai horarwa kansa abin hari mai ƙafafu.

Daga shekarun 1970 ne faifan ya soma zama ruwan dare. Bruce Lee ya riga ya sa shi cikin horon almajiransa a Amurka, 'yan damben Tailan kuma suna da nasu dogo mai kauri da ake ɗaurawa a damtse saboda shuri. A fagen boksin, gidan horo na Kronk a birnin Detroit ya taimaka ƙwarai wajen fito da darajarsa, inda Emanuel Steward ya riƙa shiga fage da kansa yana tarar naushin yaransa. A nan Thomas Hearns ya wasa hannun damansa da ya kayar da Pipino Cuevas a turmi na biyu a 1980.

Amfaninsa a fili yake. Ɗan dambe yana koyon auna tazara, da jeranta naushi, da kaucewa, ba tare da an jijjiga masa ƙwaƙwalwa ba, alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa dukan kai da ake tarawa shekara da shekaru yana lalata ta. Wahalar sai ta koma kan mai horarwa, wanda gwiwar hannunsa da kafaɗunsa ke biyan bashin.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Faifai ba ya ramuwa, kuma mai riƙe shi yakan taryi naushin a hanya, sai ƙara ta tashi, raggo ya ji kamar ya zama zaki. Salon da Roger Mayweather ya riƙa yi da ɗan ɗan'uwansa Floyd, mai sauri kamar kiɗan kalangu, ya ruɗi samari da yawa. Sun haddace rawar, sun manta cewa Floyd tun yana ƙaramin yaro yake cikin fage, kuma gwajinsa da abokan horo ba na wasa ba ne. Wanda aka yi wa irin wannan horo kawai, ranar da ya gamu da mai rama duka, ranar ce zai fara karatu, kuma da lafiyarsa zai biya kuɗin makaranta.

A hannun masani kuwa, faifai ma'auni ne. A 2001 wani siririn saurayi daga Filifin, Manny Pacquiao, ya shiga gidan horon Freddie Roach a Los Anjalis, Roach ya sa faifai ya tari naushinsa, daga nauyin abin da ya ji a tafinsa ya yarda ya karɓe shi. Cikin watan Yuni na wannan shekara Pacquiao ya doke Lehlo Ledwaba na Afirka ta Kudu a turmi na shida, ya ɗauki kambun duniya.