Gidan Carter: Zuriyar da Ta Adana Har Abin Kunyarta

 

Makon jiya 'yar autata ta dawo daga makaranta nan Kumasi da aikin gida: wai kowane yaro ya rubuto sunayen kakanninsa iya inda ya sani. Ta zauna gabana da biro. Na faɗi sunan mahaifina, na faɗi na kakana wanda fataucin goro ya kawo shi daga Kano. Ta ce, "Baba, shi kuma wa ya haife shi?" Sai na yi tsit. Wanda ya san amsar baffana ne, bara muka kai shi makwancinsa. Wallahi na ji kunya.

Abin ya tuno mini da wani gidan manoma a ƙauyen Amurka da na taɓa karanta tarihinsa, gidan su Jimmy Carter. Yawancinmu mun san shi a matsayin shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. To yau ba mulkinsa zan taɓo ba, gidansu zan shiga, don 'yan kasuwa ne irinmu, kuma sun san asalinsu har kusan shekara ɗari huɗu baya.

Sun ce kakansu na farko a can, Thomas Carter, daga Ingila ya taso ya sauka Bajiniya a 1635. Baƙo ne, kamar yadda kakanninmu suka sauka zango. Jikokinsa suka yi ta gangarawa kudu suna neman ƙasar noma har suka shiga jihar Jojiya. A 1851 wani daga cikinsu, Wiley Carter, ya koma kusa da garin da ake kira Plains a yau. Manomin auduga ne, kuma bayi baƙar fata ne ke yi masa noman. Zuriyarsa ba su ɓoye wannan ba.

Ga inda labarin ya fi taɓa ni. Ɗan Wiley, mai suna Littleberry, ya je yaƙin basasar Amurka ya dawo da ransa, amma a 1873 abokin kasuwancinsa ya kashe shi a kan rabon kuɗin wani lilon wasa da suke haɗin gwiwa a kai. Ɗansa William, wanda ake kira Billy, ya tashi da ƙwazo, ya kafa kanti da injin gurzar auduga. A 1903 shi ma aka harbe shi har lahira, a rigimar wani tebur da aka ɗauke daga kantinsa. Ku ji fa! Uba ya tafi a kan kuɗin lilo, ɗa ya tafi a kan tebur. Matar Billy ta kwashi marayu ta koma Plains, cikinsu har da Earl, yaron da bai cika shekara goma ba.

Earl ɗin nan shi ne mahaifin Jimmy. Ya yi noma, ya buɗe kanti, ya kafa siton saye da sayar da gyaɗa. Matarsa Lillian nas ce, mace mai zuciya, wadda tana da shekara 68 ta tafi Indiya aikin sa kai. An haifi Jimmy ranar 1 ga Oktoba, 1924. Yana ɗan shekara huɗu suka koma wani ɗan ƙauye mai suna Archery, inda yawancin maƙwabtansu baƙar fata ne masu noman haya. Gidan ba famfo, wutar lantarki kuwa sai 1938 ta shigo. Tun yana ƙarami yake dafa gyaɗa ya ƙulla, ya bi titin jirgin ƙasa da ƙafa zuwa Plains yana talla. Bai cinye ribar ba. Ya tara, ya sayi dilolin auduga lokacin da farashi ya faɗi, ya ajiye har ya tashi, ya sayar ya sayi ƙananan gidajen haya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da ya girma ya shiga sojan ruwa, aiki na ta gaba, ya auri 'yar garinsu Rosalynn a 1946. Sai a 1953 ciwon daji ya ɗauke Earl. Jimmy ya ajiye kaki ya dawo ƙauye, matarsa tana fushi don ba ta so komawa ba. Ya tarar uban ya yafe wa mutane basussuka, ga magada an raba, abin da ya zo hannunsa kaɗan ne. Suka zauna a gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Shekarar farko aka yi fari, ribar da suka ƙirga ba ta kai dala 200 ba. Rosalynn ta koyi lissafi ta riƙe littafin sito, har ta zo tana gaya wa maigida wane ɓangare ke kawo riba, wane ke cin jari. 'Yan uwana maza, wannan wurin a sake karantawa.

Akwai kuma lokacin da Turawan garin masu ƙin cuɗanya da baƙar fata suka matsa masa ya shiga ƙungiyarsu. Ya ƙi. Suka ƙaurace wa sitonsa na ɗan lokaci, ya daure. Jikan mai bayi ke nan. Ashe mutum na iya sanin abin da kakansa ya aikata, ya ƙi ɗora ƙafa a sawunsa.

Kada ku ce daga nan sai daɗi. Da ya sauka daga mulki a 1981, ya tarar siton da ya bari a hannun amintattu ya ci bashin da ya haura dala miliyan ɗaya, dole aka sayar. Kasuwa ba ta san tsohon shugaba ba, in ido ya bar kanta sai ta karkace. Ƙannensa uku, Ruth da Billy da Gloria, duk ciwon da ya kashe ubansu ne ya kashe su. Wannan ma amfanin sanin asali ne: gidan da ya san cutar da ke bin jininsa ya san abin da zai gaya wa likita.

Mu ma ya taɓa rayuwarmu, don cibiyarsa ta sa hannu sosai a yaƙi da kurkunu, har aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da ita a 2013, Gana a 2015. Rosalynn ta rasu a 2023 bayan shekara 77 da aure, shi kuma ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara ɗari. A Plains aka binne su, a harabar gidansu.

Mu a zango in an zo labarin kakanni, kirari muke yi: mai raƙuma, mai goro, mai baƙi. Wanda ya karye a kan bashin da ba a rubuta ba, da 'yan uwan da suka daina gaisawa a kan shago, sai mu binne. Alhali nan darasin yake. Da idona na ga abokan ciniki biyu a kasuwar nan sun zare wa juna wuƙa a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Da sun san labarin lilo da tebur, ƙila da ɗayansu ya haƙura.

Ni dai na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Akwai gwaggona a Kano, ta tsufa amma hankalinta garau. Ranar Juma'a zan kira ta a waya, 'yar auta na gefe da bironta. Zan tambaye ta suna da gari da sana'a, da abin da ya fitar da kowa daga gida, mai daɗi da marar daɗi. In kana da tsoho ko tsohuwa a raye, kada ka jira sai ka je gida da Sallah.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.