Ko Har Yanzu Ana Buƙatar Gwagwarmayar 'Yancin Mata?

Sau da yawa idan aka ambaci matantaka, wato gwagwarmayar nema wa mata haƙƙinsu, sai wasu su ce baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. Wasu kuma cewa suke yi an riga an gama wannan yaƙi, tunda ga mata nan a jami'o'i da ma'aikatu. A ganina duka maganganun biyu suna da rauni.

Batun baƙunta dai tarihi ya kore shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru domin kai ilimi ga matan ƙauyuka. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a ƙarƙashin tutar NEPU, kuma matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, shekaru da dama bayan takwarorinsu na Kudu.

Babu shakka duniya ta ci gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1979, Nijeriya ta amince da ita a 1985, aka kuma yi babban taron Beijin a 1995. A Ruwanda mata sun haura rabin majalisar wakilai. Amma a nan gida, mata huɗu kacal zaɓen 2023 ya kai Majalisar Dattawa mai kujeru 109, bayan Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata gurabe a watan Maris na 2022.

To, sai dai ma'aunin gaskiya yana ƙauye. Duk wanda ya san karkarar Gaya da Ajingi ya san cewa uwa tana sana'arta ne daga cikin gida, ƙuli-ƙuli ko ƙosai ko fura, kuma 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Ranar da yarinya ta tafi makaranta, cinikin ranar ya tsaya. Saboda haka shelar ilimi kyauta kuma dole da Gwamnatin Kano ta yi a 2019 ba za ta raba yarinya da farantin talla ba, matuƙar ba a dubi aljihun uwar ba. Haka batun gado: Shari'a ta yanka wa mace kasonta ƙarara, amma sau nawa 'yan'uwa maza ke riƙe gonar da sunan kada a raba gandu, a riƙa sallamarta da 'yan dammunan gero? Kunya kan hana ta zuwa gaban alƙali. Ga kuma haihuwa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 'yan Nijeriya ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman a kwaikwayi Bature. Haƙƙoƙi ne da addini da doka suka riga suka bayar, aka danne. Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan da aka cire yarinya daga aji, da gonar da ba a raba ba. Ɗaliban da za su fita koyarwa a waɗannan garuruwa kuwa, su ne za su fara ganin gurbin yarinyar a rajista.