Sakiya ba ta cikin lissafin gyaran kayan tarihi

A makon jiya na tambayi ɗalibaina a nan Hilla Kuku ko akwai wanda ya taɓa ganin sakiya tana aiki. Shiru. Da na sake tambaya ko wa ya taɓa ɗaukar jarka neman ruwa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kusan kowa ya ɗaga hannu. Yaran da ke kwana kusa da kogin Nilu ke nan, sun san wahalar ruwa, amma ba su san yadda mutanen ƙasar nan suka shafe kusan shekara 2000 suna hawo da shi gona ba.

Mu Hausawa jigo muka gada, wanda Larabawa ke kira shaduf. Sakiya ta fi shi nisa. Shanu ne ke zagayawa suna juya wata babbar ƙafa ta katako mai haƙora, ita kuma ta juya wata da ke tsaye, wadda aka rataya wa igiya mai jerin tukwane. Tukwanen su nutse, su ciko, su juye a magudana. Yaron da ke kora shanun arwati ake ce masa. Darajarta ta kai har Turkawa, bayan sun ci ƙasar a 1821, suka ɗora mata haraji mai nauyi, manoman arewa da yawa suka bar gonakinsu suka shiga fatauci. Injin ban ruwa mai shan gas ne ya kashe ta a ƙarnin da ya wuce.

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025, duk maganar kayan tarihi ta koma kan Gidan Tarihi na Ƙasa da aka wawashe, har da zinariyar sarakunan Kush. Baitul Khalifa na Omdurman, wanda aka gyara kafin yaƙi da tallafin British Council don ya zama wurin jama'ar gari, shi ma bai tsira ba. Dole a bi sawun waɗannan kaya, ba musu. Sai dai sakiya nata haɗarin daban ne. Ɓarawo ba ya ɗaukar ta, don katako ce da igiya da tukunya. Iliminta yana kan 'yan tsofaffin da suka ga ana sassaƙa haƙoranta suna yara, kuma gudun hijira ya watsa su.

A Ingila, duk watan Mayu akwai ƙarshen mako da ake buɗe tsofaffin injinan niƙa masu aiki da ruwa ko iska, mutane su shiga kallo, kuma da yawansu 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. Wannan ba zai gagare mu ba. Matasan da suka riƙe takaya, suna dafa wa unguwa abinci ƙarƙashin ruwan harsashi, za su iya buɗe sakiya ɗaya a bakin kogi, a Tuti ko Shambat, rana guda a wata, makarantu su kawo yara.

To amma kada a yaudari kai. Matasan nan sun gaji, yawancinsu ba aikin yi, kuma "aikin sa-kai" kalma ce mai daɗi a bakin hukumar da ba ta son kashe kuɗi. Shanu za su ci, kafinta zai so ladansa, filin bakin kogi yana da masu shi, kuma sai an tabbatar ba a bar abin fashewa a wurin ba. Waɗannan nauyin hukumar kayan tarihi ne da masu hannu da shuni.

Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, garin da kwalara ta yi wa ɓarna a Mayun 2025 kake wa zancen ƙafar katako?" Yana da gaskiya, famfo da asibiti ne gaba, kuma ba wanda ke cewa sakiya ta maye gurbin injin sola. Amma ginin zai iya jiran shekara biyar, tsohon da ya san gwajin haƙoran kuwa Allah kaɗai ya san kwanansa. Na ba 'yan ajina aikin gida: kowa ya nemo dattijo ɗan asalin Dongola ko Shandi a unguwarsu, ya ɗauki muryarsa a waya, ya rubuto sunan kowane sashe na sakiya da icen da ake yin sa. Ranar Lahadi za su kawo.