A Rubuta Asalin Gida, A Rubuta Wanda Ya Faɗa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda a kan wani abu da muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato rubuta asalin gidajenmu.

A Amurka ana ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma tun 1790. In ƙidaya ta cika shekara 72 sai gwamnati ta buɗe takardun kowa ya duba. Na 1950 an buɗe su a 2022. Mutum zai ga sunan kakansa da shekarunsa da sana'arsa, da duk wanda ke zaune a gidan a lokacin. Masu bin salsala kan kwashe wannan su shigar a kwamfuta, kuma suna da wata ƙa'ida da ta burge ni. Ba a rubuta magana ita kaɗai. Sai an sa shekarar ƙidayar da gundumar da lambar shafi, har layin da sunan yake. In takardar 1930 ta ce kaka yana da shekara 40, ta 1940 kuma ta ce 47, ba sa goge ko ɗaya. Duka biyun za su rubuta, kowace da inda ta fito, don jikan da zai zo ya auna da kansa.

To mu fa? An ƙirga mu a 1962 aka soke, aka sake a 1963. Ta 1973 ma aka soke. Sai 1991, sai 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Abin da ya iso kunnen talaka jimla ce kawai, miliyan 88 da ɗoriya a 1991, miliyan 140 a 2006, sai gardamar wace jiha ta fi wata. Ga shi kakanninmu ma ba kowa ya yarda aka rubuta shi ba, don a ganinsu duk mai zuwa da alƙalami, haraji da jangali ne ke biye da shi.

Sakamakon haka muna ganinsa kullum. Dattijo zai rasu, a zo rabon gadon gona, wannan ya ce kakanmu saya ya yi, wancan ya ce aro aka ba shi. Shaida fa? "Haka na ji." A bakin wa? Shiru. Zumunci ya lalace, kuɗin taki ya ƙare a zirga-zirgar kotu. Yaro kuma zai je neman aiki, a tarar shekarar haihuwarsa ta makaranta daban, ta katin ɗan ƙasa daban, ta banki daban, sai an je an yi rantsuwa.

Jama'a, wannan aiki ba sai da kwamfuta ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami. A zauna da tsofaffi tun suna da rai, musamman tsofaffin mata, don su ne suka san wa ya girmi wa, wa ya sha nono da wa. In ba su san shekara ba, a tambaye su abin da ya faru a lokacin: zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannu na tuƙi 1972, shigowar naira 1973. A kula da suna kuma. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, shi ya sa za ka ji ana Tanko, ana Dogo, har mutum ya mutu jikoki ba su san sunansa na yanka ba. A rubuta duka biyun.

Babban abin dai, a gefen kowace magana a sa wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. "Gwaggo ce ta faɗa, bayan ƙaramar sallar bana." "Daga tsohon rasit na haraji." "Daga katin asibiti." In Gwaggo da Baffa sun saɓa, kar mai rubutu ya zama alƙali ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi, ya sa kowa da tasa. A ɗauki hoton shafukan da waya, a ba ɗan'uwa na wani gari ya ajiye, saboda gara da gobara. Su kansu Amurkawa gobara ta cinye yawancin takardun ƙidayarsu ta 1890 a shekarar 1921.

Daga ƙarshe ina kira ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk ranar da Allah ya nufa aka sake ƙirga mu, a adana sunayen nan da kyau, a kuma yanka wa'adin da za a buɗe wa jikokinmu su duba.

Wassalam.

Naka,
Manomi ɗan tireda, daga karkarar Zazzau.