A ba masu koyon aikin ba da shawara izinin horo

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta zama ta saurari mai damuwa, sai ƙwararre. Ma'aikacin da ke son wannan sana'a zai iya yin karatunsa da dare, musamman ta jami'ar NOUN mai hedikwata a Jabi. Inda gizo ke saƙar shi ne horon aiki: zama da masu neman shawara a makaranta ko asibiti, ƙarƙashin kulawar malami, kuma da rana ake yin sa. Ya kamata daraktoci su ba da izinin waɗannan makonni a rubuce, maimakon su bar ma'aikaci yana satar jiki daga ofis.