Ra'ayi: "Ba ta jin ruwa" da sauran kalmomin Turancin da ke janyo mana asara

A daminar bara wani ƙanina ya sayi waya a kasuwa, mai shagon ya rantse masa cewa ba ta jin ruwa, ko cikin randa ya jefa ta babu abin da zai same ta. Bayan mako uku ta suɓuce masa cikin bokitin wanki, washegari fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Da ya koma, sai mai shagon ya juya kwali ya nuna masa cewa "water resistant" aka rubuta, ba "waterproof" ba. Haka ya dawo gida, ba waya ba kuɗi.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan Bature ya liƙa "proof" a ƙarshen kalma, yana nufin abin ba ya ratsawa sam. Idan ya ce "resistant", yana nufin akwai juriya, amma tana da iyaka. "Repellent" kora ce kawai, kamar man da ake shafawa don sauro. "Immune" kuwa kariya ce daga cuta ko daga hukunci. Mu kuma duk mun tattara su cikin jimla ɗaya: ba ya ji.

A kan waya, lambar da ke bin haruffan IP ce ke faɗin gaskiya. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54, irin ta wayar ƙanina, tana jure fantsamar ruwa ne kawai. IP67 tana jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ta wuce haka, amma kamfanin ne ke faɗin iyakarta. Kuma da ruwa mai tsafta ake gwajin, ba ruwan sabulu ko na gishiri ba, sannan juriyar tana raguwa idan waya ta tsufa ko mai gyara ya buɗe ta.

A wasu ƙasashen wasa da waɗannan kalmomi laifi ne. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10 kan iƙirarin da ya yi game da jure ruwan wayoyin iPhone. A 2022 wata kotun tarayya a Ostireliya ta ci tarar Samsung dalar ƙasar miliyan 14 kan irin wannan talla. Tun 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana rubuta "waterproof" a jikin man kariya daga zafin rana, sai dai a ce yana jure ruwa na minti 40 ko 80. A nan kuwa rantsuwar mai shago ce takardar shaida.

Asarar waya ma da sauƙi. Ɗauki rigar da ake kira "bulletproof", wadda muke cewa rigar sulke ko rigar da harsashi ba ya huda ta. Mai laushin cikinta harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Na babbar bindiga irin AK-47 sai an saka mata farantai masu tauri. A yankunan da 'yan sa-kai ke fita kare garuruwansu, wanda aka ce masa rigarsa ba ta jin harsashi zai iya tsayawa inda ya kamata ya kwanta.

A fannin lafiya ruɗanin ya fi haɗari. Idan likita ya ce "drug resistance", da yawanmu kan fahimci cewa jikin mutum ne ya saba da magani. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar ce ta bijire wa maganin, kuma tana iya kama wanda bai taɓa shan sa ba. Haka ta faru da kulorokwin, har Najeriya ta sauya shi da haɗin magungunan ACT a 2005 wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wanda ya ɗauka matsalar ta jikinsa ce shi kaɗai ba zai ga laifin sayen kafso biyu a kemis ya sha ya bari ba.

Hatta a siyasa haka ne. "Immunity" da muke kira rigar kariya, wadda sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu, ba wankewa ba ce. Tana hana gurfanar da su ne muddin suna kan mulki. A 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce ana iya bincikensu ko suna kan kujera.

Wani zai ce ai kasuwa ta gaji ƙarin gishiri. Gaskiya ne, amma ƙarin gishirin da mai saye ba zai iya tantancewa ba yaudara ce. Mafi yawan masu sauraren tallar rediyo ba za su karanta kwali ba, abin da mai fassara ya faɗa shi ne gaskiyarsu.

Hausa ba ta rasa kalmomin ba. Muna da "yana jurewa", muna da "ba ya ratsawa", muna da kora da garkuwa da bijirewa. Abin da ya rage shi ne 'yan jarida da masu fassara talla da ma'aikatan lafiya mu riƙa aje kowace a muhallinta. Kai kuma mai saye, idan aka ce maka ba ta jin ruwa, tambayi zurfin nawa, kuma na minti nawa. Idan mai shago ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.