Kafin a ci bashin sayen kyamara, a fara koyon haske

Matasa da yawa da ke son shiga sana'ar ɗaukar hoto suna fara tambaya ne da Canon ko Nikon, ko kuma wace waya ce ta fi yawan megafiksel. Wasu har bashi suke ci don sayen kyamara, alhali ba su taɓa koyon yadda haske ke faɗawa kan fuska ba. Nan ne kuɗin ke salwanta.

A ɗauki ango sanye da farar shadda a tsakiyar rana. Kyamara na auna hasken wurin gaba ɗaya, sai farin kayan ya rinjaye ta, ta rage haske. Rigar ta fito fes, fuskar kuwa ta koma inuwa. Kyamarar miliyan biyu ma haka za ta yi idan aka bar ta ta yanke wa kanta hukunci. Wanda ya san aiki zai ja angon zuwa inuwar bango ko bakin ƙofa, ya auna hasken a kan fuska, sannan ya danna. A waya, taɓa fuskar a kan allo kawai ake yi, a ɗan ja alamar haske sama. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Batun megafiksel kuwa talla ya yi masa yawa. Wayoyi da dama masu lamba 108 suna haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da ke fitowa ya tsaya a 12. Daga nan WhatsApp ya sake matse shi kafin ya isa hannun dangin amarya.

J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Najeriya suka shiga manyan gidajen adana zane na duniya, ya fara ne da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950. Seydou Keïta na Bamako yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zani a rataye a bayan mutum. Sean Baker ya ɗauki fim ɗin Tangerine da iPhone 5s, aka kuma nuna shi a bikin Sundance a 2015.

Ba wai kayan aiki ba su da rana ba. A hawan daushe, doki na sukuwa daga nesa, waya ba za ta kama shi da kyau ba, domin abin da take kira jawo hoto kusa sau da yawa yanke shi kawai take yi ta faɗaɗa. A zauren biki mai ƙarancin fitila ma, babbar sensa ta fi ƙarama tattara haske. Mai irin wannan aiki dole ya kashe kuɗi. Sai dai ya kamata ya iya faɗin takamaiman hoton da kayan hannunsa suka kasa ɗauka, da dalilin kasawar, kafin ya nufi kanti. Sau da yawa amsar kan zama fitila ɗaya ko tsohuwar kyamara ta hannu mai kyakkyawan gilashi, kuma kuɗinsu bai kai rabin na sabuwa ba.